Tarihin Mary Anning Mai Tonon Ƙasusuwan Teku

Kafin in shiga tarihin wannan mace, ya kamata in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda aka yi na san sunanta, ko da ya ke akwai abin kunya cikin labarin, kuma kunyar tawa ce.

Hutun daminar bara a Goronyo na yi shi, wajen gwaggona. Wata rana da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, na bi ɗanta zuwa gona don mu kai wa masu noma fura. A hanya akwai wani kwazazzabo a gindin tudu, inda ruwa ya zaizaye ƙasa mai ruwan toka. A nan na hangi waɗansu duwatsu guda huɗu kusa da juna, fasalinsu ɗaya. Da na ɗauka sai na ga kamanninsu sak na gaɓoɓin ƙashin bayan sa, irin wanda mahauta ke sara mana, amma nauyinsu na dutse ne. Na ƙulle su a bakin mayafina, da hutu ya ƙare na zo da su Sakkwato.

Da aka sanar da ranar nunin kayan kimiyya a makaranta sai na ga abin nema ya samu. Na jera su bisa tabarma, sai na ga biyu manya ne, biyu ƙanana, ko makaho ya shafa ya san akwai waɗanda suka ɓace a tsakani. Raina bai so giɓin nan ba. Ana gini kusa da gidanmu, sai na roƙi magina ɗan siminti, na kwaɓa da yashi, na mulmula guda uku, na bar su suka bushe, sa'an nan na shafe su da jar ƙasa da ruwan shayi har launinsu ya zo ɗaya da na sauran. Huɗu suka zama bakwai. Ran nuni 'yan ajinmu suka yi ta zagaya teburina suna mamaki, ni kuwa sai hura hanci na ke yi.

Can sai ga malaminmu na labarin ƙasa. Ya ɗauki ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya yana jujjuyawa, bai ce uffan ba, ya ware uku gefe guda ya wuce. Bai tona mini asiri gaban jama'a ba, Allah ya saka masa da alheri. Bayan an watse ya kira ni ofis, ya karci ɗaya da ƙusa, sai ga garin siminti yana zuba. Ya nuna mini cewa tun kafin ya karta ya riga ya gane. Kowane cikin na gaskiyan, gefensa ɗaya yana da rami kamar cikin ludayi, ɗaya gefen kuwa ya yi tudu kamar kan ƙwai, domin tudun wannan ya shiga ramin na bayansa. Nawa kuwa gefe biyun duk shafe su ke kamar an yanka rake. Kuma inda na gaskiyan suka ɓantare akwai 'yan ƙofofi ƙanana kamar na soso, nawa babu kome sai tsabar yashi.

Sa'an nan ya gaya mini abin da na tsinto. Wannan ƙasa tamu da mu ke kuka da zafinta, a dā can ƙarƙashin teku ta ke. Masana duwatsu sun ƙiyasta cewa wajen shekara miliyan 70 da suka wuce wani hannun teku marar zurfi ya ratso inda hamadar Sahara ta ke yanzu, ya rufe wannan yanki namu da sassan Nijar da Mali. Farin dutsen Kalambaina da a ke siminti da shi, a gindin ruwan teku ya kwanta. Cikin 1930 wani masani a Landan, W. E. Swinton, ya rubuta bayanin waɗansu ƙasusuwa da aka kai masa daga Lardin Sakkwato, ya ce na wata babbar dabbar teku ne dangin guza da damo, wadda a ke kira Mosasaurus. Daga baya waɗansu masana na birnin Florence ta Italiya suka zo suka tono ƙoƙon kanta a ƙasar Goronyo, cikin 1972 suka raɗa mata suna Goronyosaurus, watau ƙadangaren Goronyo. Cikin 1975 kuma L. B. Halstead ya raɗa wa wani tsohon kada da aka tono a ƙasar nan suna Sokotosuchus. Ashe sunan garin gwaggona yana cikin littattafan duniya, ni ina shiga ina fita ban sani ba.

Malam ya ce ƙasusuwana huɗu sun yi kama da na dangin Mosasaurus ɗin nan, kuma huɗun da giɓinsu sun fi bakwai ɗin daraja. Ban gane nufinsa ba. Sai ya ara mini wani ɗan littafi, ya ce hukuncina shi ne in karanta labarin Mary Anning in rubuta shi da Hausa don wannan mujalla. To, ga shi.

An haifi Mary Anning ran 21 ga watan Mayu, 1799, a wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna Lyme Regis, a kudancin Ingila. Watau tsarar Nana Asma'u ce, Nana ta girme ta da kamar shekara shida. Ubanta Richard kafinta ne matalauci. Uwarta ta haifi 'ya'ya goma, takwas suka rasu tun suna ƙanana, sai Mary da wanta Joseph kaɗai suka girma. Sunan ma na yayarta ne, wadda wuta ta kama wa tufafi ta rasu tana da shekara huɗu, wata biyar kafin a haifi wannan. Ita kanta da kyar ta sha. Tana da wata 15 wata maƙwabciyarsu ta ɗauke ta zuwa kallon wasan dawaki, suna tsaye gindin itace sai aradu ta faɗo ta kashe mata uku, har da wadda ke riƙe da ita. Aka kwashi jinjirar kamar ba rai, aka sa ta cikin ruwan ɗumi, ta farfaɗo. Mutanen garin suka riƙa cewa daga baya aradun nan ce ta buɗe mata kai. Ni dai ina ganin talauci ne da naci.

Ba ta yi wata makarantar kirki ba, sai 'yar ta ranar Lahadi a majami'arsu, inda ta koyi karatu da rubutu. Makarantarta ta sosai ita ce gaɓar teku. Gaɓar nan tudu ne dogo, tsaye kamar ganuwa, hawa-hawa, wani hawa baƙar laka wani farin dutse, wanda ya kwanta wajen shekara miliyan 200 da suka wuce, watau ya girmi ƙasar Goronyo nesa ba kusa ba. Da lokacin sanyi ruwan sama ya kan jiƙa tudun daga bisa, igiyar ruwa ta dake shi daga ƙasa, sai ya riƙa ruftowa, abin da ke ɓoye ciki ya fito fili. Amma teku ya kan cika ya janye kullum, in ba a kwashe abin da wuri ba ruwa ya tafi da shi. Don haka dole mai wannan sana'a ya fita daidai lokacin da tudun ya fi haɗari. Richard ya kan fita da 'ya'yansa biyu su tsinto abin da suka samu, su wanke, su jera bisa tebur su sayar wa baƙi masu zuwa shan iska.

Masu sayen nan yawancinsu abin ado kurum su ke nema, ba su damu da gaskiya ba, masu sayarwa kuwa sun san haka. Akwai wani dutse mai naɗi kamar gammo, wanda asalinsa ƙwanson wata halittar teku ne, amma jama'a suna cewa maciji ne ya zama dutse. A wani gari na arewacin Ingila da a ke kira Whitby, har sassaƙa masa kan maciji a ke yi don ya ƙara kuɗi. Cikin irin wannan kasuwa Mary ta tashi.

Cikin 1810 ubanta ya rasu, tarin fuka ya haɗu masa da raunin faɗowa daga tudun nan. Ya bar musu bashi, har sai da suka koma karɓar taimakon matalauta. Mary tana da shekara 11. Cikin 1811 Joseph ya tono wani kai mai tsawon ƙafa huɗu, da dogon baki cike da haƙora, da ramin ido mai faɗi kamar faifai. Suka zaci kada ne. Mary ta yi ta bibiyar wurin wata da watanni, har cikin 1812 tudun ya zube ya buɗe mata sauran jikin. Aka ɗauko ma'aikata suka taya ta tonowa. Tsawon dabbar ya kai ƙafa 17. Wani attajirin wurin ya saye ta kan fam 23, daga hannunsa ta tafi Landan, mutane suka riƙa biyan kuɗi suna kallo. Ba kada ba ce, ba kuwa kifi ba: jikinta na kifi, ƙasusuwanta na ƙadangare, maimakon ƙafafu tana da filafilai huɗu. Aka raɗa wa irinta suna Ichthyosaurus, watau kifi-ƙadangare. Wani babban likita, Everard Home, ya yi ta rubuce-rubuce kanta tun daga 1814, ko sau ɗaya bai ambaci yarinyar da ta tono ta ba.

Fam 23 ba ta raba su da talauci ba. Har 1820 suna cikin ƙunci, suna shirin sayar da kayan ɗaki don biyan kuɗin haya. Wani tsohon hafsan soja mai suna Thomas Birch, wanda ya saba sayen kaya wajensu, ya ga halin da su ke ciki, sai ya yi gwanjon duk abin da ya tara, ya sami wajen fam 400, ya taimaka musu daga kuɗin. Joseph ya koma koyon sana'ar kujeru, aikin ƙashi ya zama na Mary.

A nan ne fa ta bambanta da sauran masu tsince-tsince. Ba ta tsaya ga tono da sayarwa ba. Ta kan ari takardun masana ta kwafe su da hannu, har da zane-zanen da ke ciki. Ta kan sayo kifi da waɗansu halittun teku masu rai a yau ta feɗe su, don ta ga yadda ƙashi ke zama kusa da ƙashi. Wata baƙuwa da ta ziyarce ta cikin 1824 ta rubuta cewa da zarar Mary ta ɗaga ƙashi ta san na wane dangi ne, kuma ta kan kafa ƙasusuwan cikin akwatin katako da siminti sa'an nan ta zana su. Da na zo wurin nan sai na ji sanyi, na koma wajen Malam da gudu in nuna masa cewa ashe ita ma da siminti ta ke aiki. Ya yi dariya, ya ce in sake dubawa in ga me simintin ke yi. Nata na riƙe ƙashi ne a inda aka same shi don kada ya warwatse. Nawa kuwa shi kansa na mai da ƙashi.

Babbar jarrabawarta ta zo cikin watan Disamba, 1823. Ta tono wata dabba cikakkiya wadda ba wanda ya taɓa ganin irinta haka: tsawonta kamar ƙafa tara, ɗan kai ƙarami, jiki mai faɗi da filafilai huɗu, da wani dogon wuya kamar an ɗaura mata maciji. Gaɓoɓin wuyan nan 35 ne. Don mu gane girman abin, mu tuna cewa mutum gaɓa bakwai gare shi a wuya, raƙumi bakwai, raƙumin dawa duk da tsawon wuyansa bakwai ne. Kada da ƙadangaru ba su kai goma ba. Ko cikin tsuntsaye babu mai 35.

Aka aika da zanen dabbar zuwa Faris wajen Georges Cuvier, wanda a zamanin nan babu kamarsa a sanin ƙashi duk ƙasashen Turai. In ya ce i, i ne. Da ya ƙirga gaɓoɓin sai ya yi zaton haɗi ne, an ɗauko kai da wuyan wata dabba an liƙa wa jikin wata. Ban ga laifinsa ba ƙwarai. Abin ya saɓa wa duk abin da ya sani, ya kuma san halin 'yan kasuwa. Amma a duba abin da wannan zato zai jawo wa Mary. Ba ta da gona, ba ta da miji, ba ta da takardar shaida ta wata makaranta. Jarinta ɗaya ne, watau masu saye su yarda abin da ta ba su shi ta samu. In maganar Cuvier ta tabbata, ba wanda zai sake sayen ko haƙori ɗaya wajenta, ita da uwarta su koma bara.

Cikin watan Fabrairu, 1824, aka kawo maganar gaban Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Landan. Wata guda ke nan kafin Bature Clapperton ya iso nan Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. William Conybeare, wanda ya riga ya raɗa wa irin dabbar suna Plesiosaurus daga 'yan guntaye da ya gani a baya, shi ya yi bayani. Ba a gayyaci Mary ba, domin ƙungiyar ba ta karɓar mata, kuma Conybeare bai ambaci sunanta ba. Amma ƙashin da kansa ya yi mata shaida. Da aka duba shi sosai aka tarar babu haɗi, Cuvier ya yarda ya yi gaggawa. Daga baya ma gidan kayan tarihi na Faris, inda ya ke aiki, ya sayi irin ƙashin daga hannunta. Zargin da ya tashi kashe mata kasuwa sai ya zama shi ya ɗaukaka sunanta.

Cikin 1826 ta sayi gida mai kanti a gaba, ta jera kayanta a taga. Cikin 1828 ta tono wani ƙadangare mai fiffike, na farko da aka samu a wajen ƙasar Jamus. Cikin 1830 ta sake tono wata mai dogon wuya. Akwai kuma wani binciken nata da ya ba ni dariya. Ana yawan samun waɗansu 'yan duwatsu a gaɓar nan waɗanda ba a san asalinsu ba. Mary ta lura ta kan same su a cikin cikin dabbobin ko kusa da gindinsu, in ta fasa su kuma sai ta ga ƙayar kifi da ɓawonsa. Ta gane ashe ba ƙashi ba ne, kashi ne. Masu rubutun Hausa da ke wasa da ƙugiyar harafi sai su kula. William Buckland na Jami'ar Oxford ya kai maganar gaban masana cikin 1829, daga nan aka soma sanin abin da dabbobin nan ke ci.

Yanzu sai in kawo labarin wani mutum na zamaninta wanda na ga kaina cikinsa, Thomas Hawkins. Shi ɗan masu hali ne, yana da sha'awar ƙasusuwan nan ƙwarai, yana kuma da gwanintar sassaƙe dutse daga jikinsu. Aibinsa ɗaya, ba ya iya ganin giɓi. In filafili ya ɓace sai ya ƙera wani da farar ƙasa irin wadda a ke ɗora karaya da ita a asibiti, ya shafe da launi. Mary ta san shi, ta kuma faɗa cikin wata wasiƙa cewa zumuɗi ya kan sa shi mai da abu yadda ya ke ganin ya kamata ya zama, ya bar yadda aka same shi.

Cikin 1834 gwamnatin Ingila ta sayi kayan Hawkins don babban gidan kayan tarihi na Landan kan fam 1,250. Manyan masana biyu, Buckland da Gideon Mantell, su suka yi wa kayan kuɗi. Da mai kula da sashen, Charles König, ya zo jera su, sai ya tarar babbar dabbar da aka fi alfahari da ita, filafilinta ɗaya da babban sashen wutsiyarta duk farar ƙasa ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Magana ta kai har gaban kwamitin Majalisa cikin 1835, manyan nan biyu suka sha kunya. Abin da König ya yi shi ne ya sa aka shafa wa sassan da aka ƙera launi dabam, don mai kallo ya san inda ƙashi ya tsaya da inda hannun mutum ya soma.

Sai a lokacin na gane maganar Malam. Mai bincike ƙirga ya ke yi da awo. In ya ƙirga gaɓoɓin wutsiya alhali rabinsu Hawkins ne ya mulmula, abin da zai rubuta ba siffar dabba ba ce, tunanin Hawkins ne, waɗanda suka biyo baya kuma su ɗora a kai. Giɓi kuwa ba ya ɓad da kowa, iyakarsa a ce ba a samu ba tukuna.

Gaskiyar Mary ba ta sa ta yi arziki ba, kada in ɓoye wannan. Cikin 1830 kasuwa ta faɗi, har abokinta na ƙuruciya Henry De la Beche ya zana hoton yadda tekun nan ya ke a dā da dabbobinsa, aka buga aka sayar aka ba ta kuɗin. Cikin 1833 tudu ya rufto a gabanta ya binne karenta da ke raka ta kullum, saura ƙiris da ita. Cikin 1835 ta yi hasarar wajen fam 300, kusan duk abin da ta tara, wajen wani da ta ba jari. Buckland ya yi ƙoƙari aka yanka mata fam 25 kowace shekara. Manya suna zuwa kantinta, har Sarkin Saxony ta ƙasar Jamus ya zo cikin 1844 ya yi sayayya. Masana su kan bi ta gaɓar teku ta nuna musu, su koma su rubuta littattafai da sunansu. Wannan abu ya ci mata rai, waɗanda suka san ta sun ce ta kan yi ƙorafinsa. Louis Agassiz ne ya ɗan share mata hawaye, da ya sa sunanta ga kifaye iri biyu tun tana da rai.

Ta rasu ran 9 ga watan Maris, 1847, da ciwon daji na mama, tana da shekara 47. De la Beche, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar nan ta Landan, ya yi jawabin yabonta gaban 'yan ƙungiya, abin da ba a saba yi wa wanda ba ɗan ƙungiya ba. Ƙungiyar ba ta soma karɓar mata su zama 'yan ƙungiya ba sai 1919. Cikin 2022 aka kafa mutum-mutuminta a Lyme Regis, wata 'yar makaranta ce kuwa ta tayar da maganar.

Sana'ar Hawkins ba ta mutu da shi ba. A ƙasar Maroko, wajen Khouribga, akwai ma'adinan takin zamani inda a ke samun haƙoran dangin Mosasaurus da yawan gaske, 'yan'uwan dabbar Goronyo ke nan. Haƙori ɗaya ba shi da tsada, amma muƙamuƙi mai jere da haƙora yana da kuɗi. Sai waɗansu su tara haƙora na gaskiya, su kwaɓa yashi da gam da guntayen ƙashi su yi muƙamuƙi, su dasa haƙoran ciki su kai kasuwa. Malam ya ce mai saye ya fara jin tsoron abin da ya cika kyau, domin abin da ya kwana shekara miliyoyi cikin ƙasa ba ya rasa tsagewa da murɗewa. Tsagar gaskiya ta kan ratsa dutse ta ratsa ƙashi ta wuce. In ta zo bakin ƙashi ta tsaya cak, da walaki. A duba ko haƙoran iri ɗaya ne, ko girmansu yana tafiya daki-daki. Farar ƙasa tana kartuwa da allura, yashin da aka kwaɓa da gam ya kan saki in ya sha ruwa, kuma akwai fitila mai shuɗin haske da ke sa gam ya yi ƙyalli. Manyan gidajen tarihi kuwa na'urar ɗaukar hoton ciki irin ta asibiti su ke sa ƙashin. Har yanzu masana ba su huta ba: cikin 2021 aka raɗa wa wata dabba suna Xenodens daga guntun muƙamuƙi na Maroko, cikin 2024 waɗansu suka ce suna zaton an dasa haƙoran ne, masu raɗa sunan kuma suka tsaya kan cewa na gaskiya ne.

Wani lokaci kuma kuskuren ta ɗaya gefen ya ke zuwa, kamar na Cuvier. A gidan tarihi na garin Doncaster a Ingila akwai wani kifi-ƙadangare da aka ajiye shekara da shekaru ana zaton kwaikwayo ne na farar ƙasa. Wani saurayi mai bincike, Dean Lomax, ya duba shi da kyau ya ga ƙashi ne na gaske, har da ragowar abincinsa na ƙarshe a ciki, kuma irin da ba a san shi ba. Cikin 2015 shi da abokiyar aikinsa Judy Massare suka raɗa masa suna Ichthyosaurus anningae, watau na Anning.

Ƙasusuwana suna nan cikin kabad a ɗakin labarin ƙasa, wanda ya ke so ya gani sai ya nemi izinin Malam. Biyu manya suna hagu, biyu ƙanana suna dama, tsakaninsu fili. Ya sa na rubuta a takarda sunan wurin da na same su, da ranar, da launin ƙasar da su ke ciki, ya ce ƙashin da ba a san inda ya fito ba rabin amfaninsa ya tafi. Na so in jefar da ukun nan na siminti cikin kwata, ya hana. Ya sa na shafa musu shuɗin fenti da hannuna, aka ajiye su a hawa na ƙasa, da ƙusa kusa da su don 'yan aji ɗaya su riƙa kartawa.